Daga Bakin Garma Zuwa Kan Garwashi: Yadda Gashin Naman Koriya Ya Zama Abincin Manya

A manyan gidajen gashin nama na unguwar Gangnam da ke birnin Seoul, ba a ɗora ko yanka ɗaya a wuta sai baƙo ya ga naman ɗanye da idonsa. Za a kawo shi a shimfiɗe bisa faranti, jar tsoka wadda farin kitse ya ratsa ta siri-siri ta ko'ina. A gidaje da yawa akan haɗo da 'yar takarda mai lambobi 12. Wanda ya ga dama ya shigar da lambobin a wayarsa, nan take zai ga ranar da aka haifi san, da gonar da aka kiwata shi, da mayankar da aka kai shi, da darajar da masu tantance nama suka ba shi. In an rubuta 1++, to an ƙure maleji.

Daga nan sai a shigo da garwashi jajir cikin kasko, a zura shi a ramin da ke tsakiyar teburi, a ɗora ragar ƙarfe. Ma'aikaciya ta tsaya a kai, awartaki a hannu ɗaya, almakashi a ɗayan. Rabon mutum guda bai cika wuce giram 150 ba, amma kuɗinsa kan haura won 60,000 na kuɗin Koriya, abin da zai ƙosar da mutum biyar ko shida a ƙaramin gidan abinci na bayan layi.

Masu irin waɗannan gidaje suna son cewa al'adar ta kai shekara 2,000. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta rufe abin da ya fi ban sha'awa. Shekaru aru-aru yanka sa laifi ne a dokar Koriya, mai yankan kuma ba a zama inuwa ɗaya da shi. Teburin da ba ya hayaƙi, da kiwon da ke tara kitse cikin tsoka, da ita kanta alamar 1++, babu wanda ya cika shekara 50 a cikinsu. Kafin wannan teburi ya samu, sai da sa ya sauya aiki, mahauci kuma ya sauya matsayi.

Sarakunan da suka hana yanka

Mafarin da aka fi ambata shi ne maekjeok, gasasshen naman mutanen Maek, waɗanda daga cikinsu daular Goguryeo ta fito ta mulki arewacin Koriya da wani yanki na Manchuria har zuwa shekarar 668. Littattafan Sin na wajen ƙarni na 4 sun ambace shi a matsayin abincin baƙi da attajiran Sin suka ara. Masana tarihin abinci na Koriya suna ganin akan cuɗa naman da kayan ɗanɗano tun kafin ya hau wuta. Idan haka ne, ɗan'uwan tsire ne, wanda ake wa ƙuli da yaji tun yana ɗanye.

Sai addinin Buddha ya shigo, da koyarwarsa ta hana kashe mai rai. Ya isa Goguryeo a 372, ya isa Baekje a 384. A 529 Sarki Beopheung na Silla ya haramta kashe dabbobi, a 599 kuma Sarki Beop na Baekje ya ba da umarnin a saki shahon farauta, a ƙona tarun masunta. Da daular Goryeo ta kafu a 918, addinin ya riga ya zama na fada, sana'ar fawa kuma ta yi rauni.

Wani jakadan Sin mai suna Xu Jing, wanda ya ziyarci Gaeseong, babban birnin Goryeo, a 1123, ya bar bayanin abin da ya gani. Ya ce talakawa ba su cika cin nama ba, kuma in an tashi yanka domin baƙi, sai a ɗaure ƙafafun dabbar a jefa ta cikin wuta, in ba ta mutu ba a ƙarasa ta da kulki, wajen fiɗa kuma a fasa hanji ƙazanta ta ɓata naman, har warin ya bi shi cikin tukunya. Wannan ita ce shaidar baƙo a kan ƙasar da yau dokarta ta raba naman sa zuwa manyan sassa 10 da ƙanana 39, kowanne da sunansa.

Mongol ne suka dawo da nama kan tabarma. Sun fara kai hari a 1231, daga baya Goryeo ta shafe kusan ƙarni guda a ƙarƙashin inuwarsu. Makiyaya ne da suka san dabba ciki da waje, har suka kafa wuraren kiwon dawaki a tsibirin Jeju a 1276. Daga wannan zamani ne ake danganta wani gashi da Gaeseong ta shahara da shi, seoryameok. Littafin girki da kula da gida na Gyuhap chongseo, wanda wata mata mai suna Yi Bingheogak ta rubuta a 1809, ya bayyana yadda ake yin sa: a yanka tsoka da tsawo, a bubbuga ta, a soke a tsinke, a shafa mai da ruwan waken suya mai gishiri, a ɗora a wuta, in ta ɗauki zafi a tsoma cikin ruwan sanyi a sake mayarwa. Dabarar ta nuna irin naman da ake da shi. Naman tsohon sa ne da ya gama wahalar gona, sai an yi masa wayo kafin haƙori ya shige shi.

Doka a takarda, hayaƙi a fada

A 1392 daular Joseon ta karɓi mulki, ta ture addinin Buddha gefe, ta rungumi koyarwar Confucius. Wannan koyarwa ba ta hana nama, hasali ma tana buƙatarsa a hidimar tunawa da kakanni. Amma ƙasar ta manoman shinkafa ce, sa kuma shi ne ƙarfin gona, shi ke jan garma, shi ke ɗaukar kaya. Saboda haka fada ta riƙa fitar da dokar hana yanka shanu, tana sabunta ta duk lokacin da annoba ta faɗa wa dabbobi ko aka yi fari. Hukuncin ya haɗa da bulala da kora daga gari.

Dokar dai ta fi kaifi a takarda. Sarki Sejong, wanda ya yi mulki daga 1418 zuwa 1450 kuma ya ƙirƙiro haruffan Koriya, mutum ne da abinci ba ya shigar masa sai da nama. Kundin tarihin fada ya nuna cewa mahaifinsa Taejong, kafin ya rasu a 1422, ya bar wasiyya kada a bar ɗansa ya daɗe babu nama da sunan zaman makoki.

A cikin birnin Seoul kuwa an samo wata hanya mai ban dariya. Bayin da ke yi wa Sungkyunkwan hidima, wato babbar makarantar horar da malaman gwamnati, su aka bar wa cinikin naman shanu, suna da shaguna fiye da 20 da ake kira hyeonbang. Tun da yanka laifi ne a hukumance, sai aka ɗora musu tara da suke biyan ofisoshin shari'a a kai a kai, tarar da a zahiri ta zama haraji, har ofisoshin suka dogara da ita wajen biyan ƙananan ma'aikatansu. Malami Park Je-ga ya koka a littafinsa Bukhak-ui na 1778 cewa ana yanka shanu 500 kowace rana a faɗin ƙasar, ya kuma ba da shawarar mutane su koma ga tumaki da aladu kamar Sinawa, a bar wa gona shanunta.

A wannan ƙarni na 18 ne aka fara ganin abin da ya yi kama da teburin yau. Sunansa nallohoe, taron kewaye kasko. Littafin al'adun shekara na Dongguk sesigi, wanda Hong Seok-mo ya kammala a 1849, ya ce a farkon wata na 10 na kalandar wata, lokacin da sanyi ke kunno kai, mutanen Seoul kan hura gawayi a kasko, su ɗora faranti na ƙarfe, su cuɗa naman sa da mai da ruwan waken suya da ƙwai da albasa mai ganye da tafarnuwa, su zauna zagaye suna gasawa suna ci. Sarki Jeongjo da kansa ya yi irin wannan zama da malaman ɗakin karatun fadarsa a hunturun 1781. Masu zane na lokacin sun bar hotunan manyan mutane zaune kan shimfiɗa a fili, dusar ƙanƙara kewaye da su, kowa ya miƙa tsinkayensa na cin abinci kan kasko ɗaya. A kicin ɗin fada da gidajen masu hali kuma akwai neobiani, tsoka mai faɗi da aka yanka falle-falle, aka tsattsaga da bakin wuƙa don ta sha haɗi.

Waɗanda suka riƙe wuƙa

Duk wannan daɗi, wasu ne ke shan ɗacinsa. A wajen babban birni, fawa da jima da saƙar kwanduna aikin baekjeong ne, rukunin da ke can ƙasan kowa. Unguwarsu daban a bayan gari, maƙabartarsu daban. Ba a yarda su sa hular gashin doki irin ta sauran maza ba, sai malafar gora. Dattijonsu mai furfura dole ya yi wa yaron talaka magana da harshen girmamawa, yaron kuma ya amsa masa kamar yana magana da bara. Ba a aurensu, ba a ba su aure.

Gyaran dokoki na 1894 ya soke bambancin aji a hukumance, amma zukata ba su bi ba. A 1909, da aka shigo da wasu baekjeong cikin wani coci a garin Jinju domin a yi ibada tare, sauran masu ibada suka tashi suka fice. A zamanin mulkin mallakar Japan ma akan yi wa sunayensu alama a rajistar iyali, alamar da ke bin yaro har ƙofar makaranta. A wannan gari na Jinju ne, a watan Afrilun 1923, 'yan baekjeong irin su Yi Hak-chan da Jang Ji-pil suka haɗa kai da wasu 'ya'yan manyan gida irin su Kang Sang-ho suka kafa ƙungiyar Hyeongpyeongsa domin neman a ɗauke su mutane kamar kowa. Cikin 'yan shekaru ta yi rassa a faɗin ƙasar. Abin da ya ƙarasa rusa katangar shi ne yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, wanda ya tarwatsa ƙauyuka, ya ƙona takardu, ya cakuɗa miliyoyin mutane har asalin kowa ya ɓace. Duk da haka ƙyamar sana'ar ta daɗe ba ta gushe ba.

Daga gindin itace zuwa cikin shago

Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945, ta kuma kwashe shanu fiye da miliyan ɗaya zuwa ƙasarta. A 1938 hukumomin mallaka suka tsayar da cewa san Koriya na ainihi shi ne mai launin ja-ja mai ɗaukar rawaya, abin da ya sa baƙaƙe da masu rodi-rodi suka kusa ƙarewa. Wannan jan sa shi ne hanwoo da ake tinƙaho da shi yau.

A waɗannan shekaru ne gashin nama ya fito kasuwa da sunan bulgogi, kuma Pyongyang, mai shanu masu kyau, ita ce cibiyarsa. A tsaunin shaƙatawa na Moranbong masu gashi sun yi yawa har jaridar Dong-a Ilbo ta ruwaito a 1935 cewa hukuma ta hana gashi a wurin, domin hayaƙi yana cutar da itatuwa.

A Seoul, wata mata mai suna Shin Woo-kyung ta buɗe gidan abinci a unguwar Jongno a 1939, wanda daga baya ya zama Hanilkwan. A 1946 kuma Jang Won-il, mutumin Pyongyang, ya buɗe wanda aka sani yau da Woo Lae Oak, ya kawo gashin garinsu tare da taliyarsu mai sanyi. Dukansu biyu suna nan har gobe. Bulgogin da Seoul ta saba da shi bayan yaƙi na masu ƙaramin ƙarfi ne: nama siriri kamar takarda a kan faranti mai tudu a tsakiya, romo mai zaƙi-zaƙi kwance a gefensa, ana zuba naman kaza da albasa da taliya. In nama ya ƙare sai a kwaɓa shinkafa da romon. Da haka ɗan kaɗan ke isar iyali guda a ranar albashi ko ranar da yaro ya gama makaranta.

Garin Suwon, kudu da Seoul, ya bi tasa hanyar. Tun bayan da Sarki Jeongjo ya gina ganuwar Hwaseong tsakanin 1794 da 1796 ya kafa gonaki a kewayenta, garin ya zama babbar kasuwar shanu. A nan wani gida mai suna Hwachunok, wanda ya fara da sayar da farfesu, ya shahara a shekarun 1950 da haƙarƙari manya-manya da ake sa wa gishiri maimakon ruwan waken suya. Shugaba Park Chung-hee yana cikin waɗanda suka riƙa zuwa. Wannan shi ne galbi, gasasshen haƙarƙari, wanda zai zama sarkin teburi nan gaba.

Amma har lokacin sa dukiya ce, ba abinci ba. A 1970 abin da ɗan Koriya ta Kudu ke ci na nama kowane iri bai wuce kilo 5 da 'yan kai ba a shekara, alhali yana cin shinkafa kilo 136. Manomi ba ya sayar da sansa sai ɗansa ya samu gurbin jami'a, shi ya sa 'yan jarida suka riƙa yi wa jami'o'i shaguɓe da hasumiyar ƙasusuwan shanu. Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, da won 70 na kuɗin saniyar da mahaifinsa ya sayar ya gudu daga ƙauyensu yana saurayi. A 1998 ya biya bashin ta hanyar tsallaka iyaka zuwa Koriya ta Arewa, inda ƙauyen yake, da shanu 1,001 a ayarin motoci, 500 a watan Yuni, 501 a watan Oktoba.

Sa ya ajiye garma

Abin da ya 'yantar da sa daga gona ƙaramar tarakta ce mai taya biyu, wadda manomi ke bi a baya yana riƙe da hannayenta. Ta bazu a ƙauyuka a shekarun 1970 da 1980. Da aikin huɗa ya koma hannun inji, sa ya rasa dalilin zama in ba nama ba.

A daidai lokacin kuɗi ya fara zama a hannun mutane. An buɗe gadar Hannam a kan kogin Han a 1969, aka buɗe babbar hanyar Seoul zuwa Busan a 1970, gonakin kudancin kogi suka rikiɗe suka zama Gangnam mai dogayen benaye. Sababbin masu kuɗi da sababbin motoci suna neman inda za su kai iyali da abokan ciniki. A 1981 Park Soo-nam ya buɗe Samwon Garden a Sinsa-dong, gidan galbi mai ɗaukar mutum fiye da dubu, da lambu, da tafkin kifi, da ruwa mai gangarowa daga duwatsun da aka jera da hannu, da filin ajiye motoci. Wasu suka kwaikwaya, har kalmar Garden, wato lambu, ta zama laƙabin duk wani babban gidan gashi a ƙasar. Jaridu sun yi ta sukar almubazzarancin, jama'a kuma suna ta layi. A nan aka saba da ma'aikaciya mai warware haƙarƙari a kan raga kamar tabarma, ta yayyanka shi da almakashi a gaban baƙo.

Maganin hayaƙi daga Japan ya zo. 'Yan Koriya da suka rage a can bayan 1945 su suka kafa gidajen gashi irin su Shokudoen na Osaka, daga gare su kuma yakiniku, wato gashin naman Japan, ya samo asali. Wajen 1980 kamfanin Shinpo na Nagoya ya fito da teburin da ke zuƙe hayaƙi ta ƙasa kafin ya tashi. Daga nan mai kwat da mai rigar siliki suka samu damar zama gaban wuta su tashi ba su ɗauki ƙauri ba.

Talaka kuwa ya samu nasa rabon a wani wajen. Ƙaramin murhun gas na tafi-da-gidanka, wanda ya yaɗu a shekarun 1980, ya sa gashin tumbin alade mai arha ya zama abincin ma'aikata bayan tashi daga aiki. Tun daga nan gidajen gashi suka rabu biyu: alade na kowa da kowa, hanwoo na ranar da ta isa.

Yadda kitse ya zama daraja

Barazanar naman waje ce ta haifi 1++. Da tattaunawar cinikayya ta duniya ta tilasta wa Koriya buɗe kasuwarta, abin da ya kammala a 2001, gwamnati ta gane cewa manomin da ke da 'yan shanu a bayan gida ba zai iya karawa da Amurka da Ostareliya a farashi ba. Sai aka zaɓi a kara da su a inganci. A farkon shekarun 1990 aka fara ba nama daraja ta 1 da 2 da 3. A 1997 aka ƙara 1+, a 2004 aka ƙara 1++. Jami'i kan duba tsokar gadon baya bayan gawar ta kwana a sanyi, ya auna yawan kitsen da ya ratsa ta a ma'auni mai hawa 9, ya duba launi da laushi, sannan ya buga hatimi.

Makiyaya suka bi inda kuɗi yake. Ana dandaƙe maruƙa maza, a tsare su a garke, a ɗura musu hatsi, akasari masarar da aka sayo daga waje, har su kai wata 30 ko kusa da haka. Gidajen gashi su ma suka sauya. Naman da ya sha haɗi ya koma baya, domin haɗi yana rufe aibi. Wanda ya biya kuɗin 1++ so yake ya ga kitsen ya kuma ji ɗanɗanonsa, da ɗan gishiri kawai. Da ƙorafi ya yi yawa cewa tsarin yana tsawaita kiwo yana cinye kuɗin manomi, sai a watan Disambar 2019 aka sassauta: kitsen da ake buƙata don samun 1++ ya sauko daga kashi 17 cikin 100 zuwa 15.6.

Lambobin nan 12 kuma tsoro ne ya kawo su. A Disambar 2003 Koriya ta rufe ƙofa ga naman Amurka bayan ɓullar cutar haukan shanu a can. Da Shugaba Lee Myung-bak ya amince a sake buɗewa a 2008, dubun dubatan mutane suka cika titunan Seoul da kyandirori tun daga watan Mayu, har shugaban ya nemi gafarar jama'a, aka taƙaita shigo da naman ga shanun da ba su kai wata 30 ba. A wannan shekara aka fara tsarin bin sawun kowace dabba, aka kuma tsaurara dokar da ta wajabta wa gidajen abinci rubuta ƙasar da namansu ya fito.

Yadda zaman yake tafiya

Cin yana da tsari. Kafin nama ya iso an cika teburi da ƙananan kwanuka da ake kira banchan: kimchi na kabeji mai barkono, ganyaye da aka sulala aka sa wa man riɗi, albasa da aka jiƙa, salak na albasa mai ganye. Ba a biyan kuɗinsu daban, in sun ƙare a ƙaro. Ana farawa da yankan da ba shi da haɗi, kamar tsokar gadon baya ko ta kafaɗa ko siririyar tsokar da ke jikin haƙarƙari ta ciki, wadda ba ta da yawa a jikin sa shi ya sa take tsada. Mai gashi ba ta cika raga. Yanka biyu ko uku take ɗorawa, ta juya sau ɗaya in ruwa ya fara tsatsowa a sama, ta sa wa kowa nasa a faranti, ta kan ce a fara ɗanɗana na farko da gishiri zalla. Raga na fara baƙi za a ɗauke ta a sa sabuwa.

Bayan haka ne mai haɗi ke zuwa, galbi da ya kwana cikin ruwan waken suya da tafarnuwa da man riɗi da ruwan wani ɗan itace mai zaƙi da ake kira bae, wanda ke tausasa nama. Mutum ya ɗauki ganyen latas ko ganyen kkaennip mai ƙamshi a tafin hannu, ya ɗora nama, ya ɗora gasasshiyar tafarnuwa da ɗan ssamjang, wato daddawar waken suya da aka kwaɓa da barkono, ya dunƙule ya kai baki a loma ɗaya. Gutsura shi biyu rashin iya ci ne. Ana rufewa da taliyar naengmyeon cikin romo mai ƙanƙara, ko miyar daddawa mai tafasa da shinkafa.

A gidan gashi na gama-gari, mafi ƙanƙanta a ofis shi ke riƙe awartaki, yana gasa wa manya, nasa cikin yana jira. A gidan alfarma an ɗauke wa kowa wannan nauyi, an kuma ware ɗakuna masu ƙofa, shi ya sa suka zama wurin ƙulla ciniki da neman alfarma. Da dokar yaƙi da cin hanci da ake kira da sunan tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli Kim Young-ran ta fara aiki a watan Satumbar 2016, ta hana a ciyar da ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta ko ɗan jarida abincin da ya wuce won 30,000, gidajen hanwoo na cikin waɗanda suka fi jin jiki, wasu gidajen abinci har suka fito da haɗin won 29,000. A watan Agustan 2024 aka ɗaga iyakar zuwa won 50,000.

Ɗan mahauci a gaban baƙi

Kasuwar nama ta Majang-dong a gabashin Seoul ta kafu ne a farkon shekarun 1960 kewaye da mayanka, kuma ko bayan rufe mayankar a 1998 ta ci gaba da zama babbar matattarar naman birnin. Shekaru da dama wuri ne da masu hali ke aika direba ba sa zuwa da kansu. A 2015 Jung Sang-won, ɗan wani dillalin hanwoo na kasuwar, ya buɗe Born & Bred a unguwar, inda baƙi ke zama gaban kanta ana yanka musu sassan sa ɗaya bayan ɗaya ana yi musu bayani. Sai an kama wuri tun da wuri ake samun kujera. A ƙarshen 2016, da littafin Michelin ya fara tantance gidajen abincin Seoul, gidan gashi na Boreumsoe, mai sayar da naman baƙin san Jeju, ya samu tauraro ɗaya.

A Amurka, inda 'yan Koriya suka fara kwarara bayan sauya dokar shige da fice a 1965, Los Angeles ta ba duniya nata salon haƙarƙarin da ake yankawa a gicciye da zarton lantarki, kowane yanka da ƙananan ƙasusuwa uku. A 2017 Simon Kim ya buɗe Cote a New York, ya aura teburin Koriya da gidan naman Amurkawa, ya samu tauraron Michelin cikin 'yan watanni, daga baya ya yi rassa a Miami da Singafo. Naman da yake gasawa a Amurka ba hanwoo ba ne. Cutar kofato da baki, wadda ta sa aka binne dabbobi fiye da miliyan 3 a Koriya tsakanin 2010 da 2011, ta daɗe tana tare wa hanwoo hanyar fita. Sai a ƙarshen 2015 ya fara isa Hong Kong. A 2023, bayan hukumar addinin Musulunci ta Malesiya ta amince da wata mayanka a gundumar Hongcheon, aka fara fitar da hanwoo na halal zuwa can. A cikin Seoul kuwa, Musulmin da ke son gashin Koriya yakan nufi unguwar Itaewon, kewayen babban masallacin da aka buɗe a 1976, domin yawancin gidajen gari suna haɗa alade, wasu kuma suna sa giyar shinkafa a haɗin nama.

A 2022 alƙaluma suka nuna abin da kakanni ba su taɓa mafarki ba: ɗan Koriya ta Kudu ya ci nama kilo 58 a shekara, ya zarce shinkafar da ya ci, kilo 56 da ɗoriya. Sai dai mafi yawan naman shanun daga waje yake zuwa, kuma tsadar faranti a Gangnam ba ta isa garke ba. Shanun hanwoo sun yi yawa har sun kai wajen miliyan 3 da rabi, farashin sari ya faɗi, kuɗin abincin dabbobi ya tashi, ƙididdigar gwamnati ta nuna cewa a 2023 mai kiwo ya yi asarar fiye da won miliyan 1 a kan kowane sa da ya sayar. A watan Yulin 2024 dubban makiyaya suka taru kusa da majalisar dokoki a Seoul suna cewa sun zo mayar wa gwamnati shanunsu. Harajin kashi 40 cikin 100 da aka ɗora wa naman Amurka kuwa, wanda yarjejeniyar 2012 ta tsara a riƙa zaftarewa duk shekara, wa'adin ƙarewarsa shi ne 2026, na Ostareliya kuma 2028.